Inda na kashin baya ke fara zaɓe: abubuwan mamaki daga ƙwallon Amurka

A gasar NFL ta Amurka, ƙungiyar da ta fi kowace shan kashi bana ita ke fara zaɓar sabon ɗan wasa baɗi. Wadda ta ɗauki kofi kuwa sai kowa ya gama ɗiba sannan ta miƙa hannu. Babu faɗawa ƙaramin rukuni irin wanda muka saba gani a Firimiyar Ingila ko ta Najeriya. Ƙungiyoyi 32 ne, su ne jiya su ne yau. Wasan ma ba tamaula ba ce irin tamu. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake jifa, ana sanye da hular kwano ana gwabza ƙirji, kuma kusan komai yana rataye a wuyan mutum guda, wato kwatabak, madugun da ke karɓar ƙwallo ya raba wa 'yan hari. Ƙungiyar da ta durƙushe ƙofa biyu gare ta. Akwai zaɓen matasan jami'o'i da ake yi a ƙarshen Afrilu, zagaye 7, sai kasuwar watan Maris, inda 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ke tafiya wurin wanda ya fi tayi. Tsarin yana burge ni ƙwarai, domin an gina shi ne don kada mai rauni ya dawwama a ƙasa. Sai dai yadda ƙungiyoyi suka riƙa sarrafa wannan dama cike yake da abubuwan da mutum zai riƙe baki.

Na farkon da aka zaɓa bai taɓa bugawa ba

Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, shi ya kawo shawarar, saboda ya gaji da ganin attajiran ƙungiyoyi suna kwashe duk wani matashi mai hazaƙa. An yi zaɓen farko ranar 8 ga Fabrairun 1936 a otal ɗin Ritz-Carlton na Philadelphia, ƙungiyoyi 9 suka ɗibi mutum 81. Na farko shi ne Jay Berwanger na Jami'ar Chicago. Eagles ta ga ba za ta iya biyansa ba, ta miƙa wa Chicago Bears, su ma ba su daidaita a kan kuɗi ba, Berwanger ya kama kasuwancin roba, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Fiye da rabin waɗanda aka zaɓa ranar ma haka suka yi, don a lokacin aikin ofis ya fi ƙwallo kawo abinci.

A 1944 Eagles ta zaɓi wani ɗan Jami'ar Syracuse mai suna Norm Michael. Yaƙin duniya ake yi, yana aikin soja, labari bai kai gare shi ba. Sai a 1999, bayan shekara 55, yana karanta jarida ya ga sunansa a jerin 'yan jami'arsu da aka taɓa zaɓa.

Washington kuwa mutum ɗaya ta zaɓa a zagayen farko shekara biyu a jere. A 1946 ta ɗauki Cal Rossi, ashe bai gama karatu ba, doka ba ta yarda ba. A 1947 ta sake ɗaukarsa, ashe shi ba ya ma sha'awar buga ƙwallon kuɗi.

Sulalla guda, da wani ɗan jarida

Pittsburgh Steelers ta shafe kusan shekara 40 tun kafa ta a 1933 ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko guda ba. A kakar 1969 ta ci wasa 1 ta sha kashi a 13, Chicago Bears ma haka, sai aka jefa sulalla don a raba gardamar wanda zai fara zaɓe. Steelers ta ci, ta ɗauki madugu Terry Bradshaw, wanda ya kai ta ga kofin Super Bowl sau 4 cikin kaka 6. Mutane sun fi son ba da labarin sulallar, amma ni Bill Nunn ya fi tsaya mini a rai. Ɗan jarida ne baƙar fata a jaridar Pittsburgh Courier, ya san ƙananan jami'o'in baƙaƙen fata na kudancin Amurka ciki da bai, a lokacin da yawancin ƙungiyoyi ba su damu da leƙa su ba. Steelers ta ɗauke shi aikin farautar 'yan wasa. A zaɓen 1974 kaɗai ƙungiyar ta samo mutum 4 da daga baya suka shiga zauren gwarzayen wasan: Lynn Swann, Jack Lambert, John Stallworth da Mike Webster. Stallworth daga Alabama A&M ya fito, irin makarantun da Nunn ya sani. Har yau babu ƙungiyar da ta maimaita wannan a zaɓe guda.

A 1982 manyan Tampa Bay Buccaneers suna zaune a Florida, wakilinsu yana zauren zaɓe a New York, ana magana ta waya. Suka ce ya rubuta suna biyu ya jira, Sean Farrell da Booker Reese, daga baya suka tsaya a kan Reese. Hayaniyar zaure ta hana shi jin ƙarshen magana, ya miƙa takardar Farrell. Maimakon su haƙura, sai suka ba Chicago gurbinsu na zagayen farko na 1983 don su samu Reese a zagaye na biyu. Farrell, wanda aka ɗauka bisa kuskure, ya yi shekaru yana aiki mai kyau. Reese bai tsinana abin kirki ba, cikin shekara biyu aka rabu da shi. Gurbin da suka bayar shi ne na 18 a 1983, kuma a daidai wannan lokaci madugu Dan Marino yana zaune ba wanda ya ɗauke shi, ga shi a shekarar ce Tampa ta rasa madugunta Doug Williams. Garin neman gira aka rasa ido.

A 2003 Minnesota Vikings tana da gurbi na 7, ta tsaya cinikin musaya da Baltimore har minti 15 ɗinta suka cika. Nan take Jacksonville da Carolina suka ruga suka miƙa nasu sunayen, Vikings ta koma ta 9. Ta yi sa'a, wanda take so tun farko, Kevin Williams, yana nan, kuma ya zama gwarzo.

Masana ma lalube suke yi

Wasu masana tattalin arziki biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru da dama da tambaya mai sauƙi: in aka ɗauki ɗan wasa, sau nawa yake fin wanda aka ɗauka bayansa a matsayi iri ɗaya? Amsar ita ce kusan kashi 52 cikin 100. Duk da likitoci, da gwajin gudu, da dubban sa'o'in kallon bidiyo, bambancin da jefa sulalla ɗan kaɗan ne. Wannan adadi shi ne mabuɗin kusan duk labaran da ke ƙasa, domin wanda ya san lalube yake yi zai nemi ya yawaita gurabe, wanda ya ɗauka yana gani kuma zai zuba dukiyarsa kan mutum ɗaya.

A 1998 an yi ta muhawara kan madugun da ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Indianapolis ta ɗauki Manning, ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a tarihi. San Diego ta ɗauki Leaf a gurbi na 2, cikin 'yan shekaru ya bar wasan. A 2000 an ɗauki madugai 6 kafin New England ta ɗauki Tom Brady a gurbi na 199, shi ne ya ƙare da kofi 7. Gurbin ma na diyya ne, irin wanda gasar ke bai wa ƙungiyar da ta rasa 'yan wasa a kasuwar bara fiye da waɗanda ta saya. A 2007 Oakland ta ɗauki JaMarcus Russell a gurbi na 1 da tabbacin sama da dala miliyan 30, ya ci wasa 7 kacal cikin 25 da ya fara, aka sallame shi a 2010. Irin wannan asara ce ta sa a 2011 aka ƙayyade albashin sababbin shiga. Sam Bradford, na farko a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78. Cam Newton, na farko a 2011, miliyan 22 ya samu.

Wanda aka ɗauka a gurbin ƙarshe na ƙarshe kuwa tun 1976 ake shirya masa biki a Newport Beach ta California, a ba shi kofin zolaya da laƙabin wanda ba shi da muhimmanci. A 1979 Rams da Steelers har jan ƙafa suka riƙa yi, kowa na son ya zama na ƙarshe don samun talla, sai da aka kafa dokar hana haka. A 2021 San Francisco ta kashe gurabe 3 na zagayen farko a kan madugu Trey Lance, wasa 4 ya fara mata. A 2022 ta ɗauki Brock Purdy a gurbin ƙarshe, na 262. Shi ya kai ta wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 yana karɓar albashin da bai kai dala miliyan 1 ba a shekara, a 2025 kuma ya sa hannu kan miliyan 265.

Jordan Mailata ɗan zari-ruga ne daga Ostireliya, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ko sau ɗaya ba lokacin da Eagles ta ɗauke shi a zagaye na 7 a 2018. Yana cikin waɗanda suka ci mata kofi a Fabrairun 2025. Ezekiel Ansah ɗan Accra ne, ƙwallon kwando ya je nema a jami'ar Brigham Young, bai samu shiga ba, ya fara wannan wasa a 2010, Detroit ta ɗauke shi a gurbi na 5 a 2013. Kafin su akwai Christian Okoye na Enugu, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 1989.

Waɗanda suka ce ba za su je ba

Akwai gefen tsarin da ke damuna. Yaro ɗan shekara 21 ko 22, wanda ya fi kowa ƙwarewa a ƙasar, ba shi da ta cewa kan garin da zai zauna ko shugabannin da za su riƙe shi, kuma ladan ƙwarewarsa shi ne a tura shi gidan da ya fi kowane lalacewa. Kaɗan ne suka iya turjewa. John Elway a 1983 ya gaya wa Baltimore Colts gara ya koma besbol, dole suka sayar da shi ga Denver, inda ya kai wasan ƙarshe sau 5 ya ci 2. Bo Jackson a 1986 ya ƙi Tampa, domin jirgin mai ƙungiyar da aka ɗauke shi a ciki ya jawo an haramta masa ƙarasa besbol ɗin jami'a, kuma ya yi imani da gangan aka yi masa. Gurbi na 1 ya tafi a banza. Eli Manning a 2004 ya ƙi San Diego, cikin sa'a guda aka musanya shi zuwa New York Giants. Dukansu uku suna da abin dogaro, ko wani wasan ko gida mai suna. Ɗan talaka ba ya iya wannan.

Cinikin da ya gina Dallas

A 1989 Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys, ya kawo koci Jimmy Johnson. Kakar ta kasance bala'i, wasa 1 aka ci cikin 16, sabon madugu Troy Aikman ya fara wasa 11 bai ci ko ɗaya ba. Ɗan wasa guda tilo mai daraja a gidan shi ne Herschel Walker, mai ruga da ƙwallo, kuma shi Johnson ya sayar wa Minnesota ranar 12 ga Oktoba. Magoya baya suka yi ta tsine masa. Minnesota ta ba da 'yan wasa 5 da wasu gurabe, amma a cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa duk wanda Dallas ta sallama cikin mutanen nan, za a biya ta da gurbin zaɓe. Minnesota ta ɗauka Dallas mai yunwar 'yan wasa za ta riƙe su. Johnson kuwa tun farko guraben yake hange. Da aka gama lissafi Dallas ta tashi da gurabe 8, guda 3 a zagayen farko, guda 3 a na biyu. Ta riƙa juya su tana musanyawa, daga cikinsu aka samo Emmitt Smith, wanda har yau ba a kamo shi ba a yawan gudu da ƙwallo, da Darren Woodson, da Russell Maryland. Dallas ta ɗauki kofin kakar 1992 da 1993 da 1995. Minnesota ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya da Walker ba, kuma a 1996 Walker ya dawo Dallas. A wannan gida ne aka ƙirƙiro jadawalin da ke ba kowane gurbi maki, na farko 3,000, ana sauka har ƙasa, wanda sauran ƙungiyoyi suka kwafa suka yi shekaru suna ciniki da shi.

Koci Mike Ditka na New Orleans ya yi akasin haka a 1999. Ya kwashe duk guraben ƙungiyarsa na shekarar, ya ƙara da 2 na baɗi, ya ba Washington don mutum ɗaya, Ricky Williams. Wasa 3 suka ci cikin 16, aka kori Ditka.

Washington ɗin ba ta ɗauki darasi ba. A 2012 ta ba Rams gurabe 3 na zagayen farko da 1 na zagaye na biyu don madugu Robert Griffin III. Kaka ɗaya ya haska, gwiwa ta lalace. Da ƙungiyoyin suka haɗu a 2014, kocin Rams ya turo mutum 6 da aka samo ta wannan ciniki su tsaya a tsakiyar fili a matsayin kyaftin, sannan suka ci 24 da nema. Wanda ya gaji Griffin shi ne Kirk Cousins, da Washington ta ɗauka a zagaye na 4 a wannan shekarar ta 2012.

Tsarin yana da wani lahani: wani lokaci nasara asara ce. A wasan ƙarshe na kakar 2022 Houston na buƙatar shan kashi don ta samu gurbi na 1. 'Yan wasa suka ƙi, suka ci Indianapolis 32 da 31 a daƙiƙun ƙarshe, kuma a daren aka kori koci Lovie Smith. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, ba a ce wa mai sana'a ya ɓata aikinsa da hannunsa. Gurbin ya faɗa hannun Chicago, ta sayar wa Carolina, Carolina ta ɗauki Bryce Young ta ƙare da nasara 2 kacal. Houston ta ɗauki C.J. Stroud a gurbi na 2, ta tashi daga nasara 3 zuwa 10.

Kasuwar Maris

'Yancin sauya gida bai zo da sauƙi ba, sai da 'yan wasa suka kai gasar kotu, aka sasanta a 1993. Babban wanda ya fara cin moriya shi ne Reggie White, kuma ya ba kowa mamaki da ya zaɓi Green Bay, gari mai mutum dubu 100 da 'yan kai, mai tsananin sanyi, kan dala miliyan 17 na shekara 4. A Janairun 1997 Green Bay Packers ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 29. Don kada attajirai su saye kowa, a 1994 aka sa iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 34.6. A 2025 iyakar ta kai miliyan 279.2.

A 2006 madugu Drew Brees ya shiga kasuwa da kafaɗar da aka yi wa tiyata. Likitocin Miami suka ji tsoro, ƙungiyar ta ɗauki wani. New Orleans, wadda guguwar Katrina ta raba da filinta, ta ci wasa 3 kacal a 2005, ita ta karɓe shi. A Fabrairun 2010 ya kawo wa garin kofinsa na farko. Tampa ma a 2020, bayan shekara 12 ba ta shiga sili-ɗaya-ƙwale ba, ta ɗauko Brady da shekarunsa suka haura 40, ta ci kofi a filinta, abin da ba a taɓa yi ba. Sai dai a lura, gidan da Brady ya tarar an riga an cika shi da matasan da aka zaɓo, mutum ɗaya ya rage.

Inda babu wannan tushe, kuɗi ƙonewa suke yi. Washington ta ba Albert Haynesworth kwantiragin dala miliyan 100 a 2009, wasa 20 ya buga, ya kasa cin gwajin ƙarfin jiki, aka sayar da shi kan gurbin zagaye na 5. Eagles ta 2011 ta kwaso taurari, ciki har da Nnamdi Asomugha, ɗan asalin Najeriya, kan miliyan 60, ta ƙare da nasara 8 da rashin nasara 8. Denver ta sallami Russell Wilson a 2024, ta ɗauki nauyin dala miliyan 85 a lissafin albashinta, tana biyansa kusan miliyan 38 yana buga wa Pittsburgh.

Denver ɗin ce a 2013 ta rasa Elvis Dumervil saboda na'urar fakis. Ya yarda a rage masa albashi daga miliyan 12 zuwa 8, takardar da ya sa wa hannu ta iso bayan wa'adi da 'yan mintoci, dole aka sallame shi, ya tafi Baltimore.

Cleveland

Babu labarin da ya kai na Cleveland Browns ban takaici. A 2016 suka ɗauko Paul DePodesta, masanin lissafi daga duniyar besbol, suka ƙudura tara gurabe ko da za a sha kashi. An kuwa sha: nasara 1 cikin wasa 32 a kaka biyu, 2017 ba ko ɗaya. Magoya baya suka yi jerin gwanon baƙin ciki a kewayen fili cikin sanyin Janairu, koci Hue Jackson kuma ya cika alkawarin da ya yi na shiga tafkin Erie. A cikin wannan hali suka yi wata dabara da ba a saba gani ba. Houston na neman rabuwa da madugu Brock Osweiler da albashinsa na miliyan 16, Browns ta ce a kawo shi, amma a haɗo da gurbin zagaye na 2. Ba ta taɓa sa shi a wasan gasa ba, gurbin kawai ta saya, kuma da shi ta ɗauki Nick Chubb a 2018. Haƙurin ya fara biya, a kakar 2020 suka ci wasa 11.

Daga nan gaggawa ta shigo. A 2017 Browns ce ta sayar wa Houston gurbi na 12, wanda Houston ta ɗauki Deshaun Watson da shi. A 2022 Browns ta koma ta sayi Watson ɗin da gurabe 3 na zagayen farko, ta ba shi dala miliyan 230 tabbatattu, alhali mata fiye da 20 suna zarginsa da cin zarafi. An dakatar da shi wasa 11, rauni ya biyo baya, wasa 19 ya buga cikin kaka 3. Houston ta yi amfani da ɗaya daga cikin guraben wajen samo Will Anderson, sannan a Janairun 2024 ta fitar da Browns da ci 45 da 14. A 2025 mai ƙungiyar da bakinsa ya amince cinikin kuskure ne. Mutanen da suka jure kaka biyu ta wulaƙanci don a tara waɗannan gurabe ba su cancanci a watsar da su haka ba.

Detroit

Detroit Lions ba ta ɗauki kambu ba tun 1957. Ƙarƙashin manaja Matt Millen ta ɗauki mai cafe ƙwallo a zagayen farko shekara 3 a jere, 2003 zuwa 2005, a 2008 kuma ta zama ta farko da ta sha kashi a duk wasa 16. A Janairun 2021 mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, ta naɗa Brad Holmes manaja, Dan Campbell koci. Campbell yana cikin 'yan wasan waccan tawaga ta 2008, ya san ɗacin daga ciki. Aikinsu na farko shi ne sayar da madugu Matthew Stafford ga Rams, suka karɓi Jared Goff, wanda Rams ke neman kai da shi, da gurabe 2 na zagayen farko da 1 na zagaye na 3. Shekara na zagayowa Stafford ya ɗauki kofi da Rams, Lions kuwa ba ta ci wasanta na farko ba sai Disamba.

Wanda ya cafe ƙwallon nasarar ranar a daƙiƙar ƙarshe shi ne Amon-Ra St. Brown, da aka ɗauka a gurbi na 112, wanda ya haddace sunayen masu cafe ƙwallo 16 da aka ɗauka kafin shi, da jami'o'insu. Kakar 2022 ma da shan kashi ta fara, 6 cikin 7. A nan yawancin masu ƙungiya ke kora. Hamp ta fito gaban 'yan jarida tana tsakiyar wannan masifa ta ce tana tare da mutanenta, suka ci 8 cikin wasa 10 da suka rage. A 2023 Holmes ya ɗauki gurbi na 6 da ya samu daga cinikin Stafford, ya musanya shi da na 12 da na 34, ya ɗauki Jahmyr Gibbs da Sam LaPorta. Masu sharhi suka yi masa ca, duka biyun suka zama taurari tun kakarsu ta farko. A kasuwar Maris bai nemi mai suna ba, sai masu toshe giɓi da araha irin su Alex Anzalone da David Montgomery.

A Janairun 2024 Lions ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale na farko cikin shekara 32, da maki 24 da 23, kuma wanda ta doke shi ne Stafford da Rams ɗinsa, a Detroit. Mako biyu bayan nan tana gaban San Francisco 24 da 7 a hutun rabin lokaci, saura ƙiris ta shiga Super Bowl, aka ƙare 34 da 31, ta leƙo ta koma. A Afrilun shekarar garin ya karɓi baƙuncin zaɓen, mutum dubu 775 suka fito cikin kwana 3 don kallon ana kiran sunaye kawai. Kakar 2024 Lions ta ci 15 cikin 17, mafi kyau a tarihinta, amma rauni ya kwashe masu tsaron bayanta. Wadda ta fitar da ita da ci 45 da 31 ita ce Washington, ƙungiyar da ta ci wasa 4 kacal a 2023, ƙarƙashin sabon mai gida ta ɗauki madugu Jayden Daniels a gurbi na 2, ta kewaye shi da tsofaffin hannu masu sauƙin kuɗi irin su Bobby Wagner da Zach Ertz. Zuwa ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyi 4 ne ba su taɓa taka filin Super Bowl ba: Detroit, Cleveland, Houston da Jacksonville.